Yoyon Famfon Sitiyari: Lissafin Gyara Ko Sauyawa Ga Masu Motoci A Jalingo

JALINGO — Daga cikin matsalolin mota da kan cinye wa ɗan kasuwa kuɗi sannu a hankali ba tare da ya ankara ba, akwai yoyon man sitiyari. Abin yakan fara ne da ɗan ɗigon jan mai a inda mota ta kwana, sa'an nan a fara jin kuka daga gaban inji duk lokacin da aka murɗa sitiyari, daga bisani kuma sitiyarin ya yi nauyi har direba ya riƙa kokawa da shi a kan kwana. A wannan gaɓa ce mai mota yakan tsinci kansa gaban shawarwari dabam-dabam: wani ya ce a ci gaba da ƙara mai, wani ya ce a canza sil, wani ya ce a sayo famfo ɗan Beljiyam, wani kuma ya ce sai sabo.

Ga masu motocin haya, da 'yan kwangila, da masu jigilar amfanin gona da ke zaune a mazaɓar Sarkin Dawaki da sauran unguwannin Jalingo, wannan shawara ta kuɗi ce tsantsa, domin mota jari ce, kuma duk ranar da ta yini a gareji rana ce da ba ta kawo komai ba. Wannan bayani ya duba yadda famfon yake aiki, da wuraren da yoyo kan fito, da dalilan da suka sa kayan gyara suka yi tsada, da kuma hanyar da mai mota zai bi ya yi lissafinsa kafin ya ba makaniki izinin kwance ko noti ɗaya.

AIKIN FAMFON

Sitiyari mai amfani da ƙarfin mai ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Francis W. Davis ne ya nuna irinsa na farko da ya yi aiki sosai a shekarar 1926, kuma kamfanin Chrysler ya fara sayar da shi a cikin motarsa samfurin Imperial a 1951. Tsarin bai canza ƙwarai ba tun daga lokacin.

Famfon yana manne ne a jikin inji, kuma bel ne ke juya shi ta hanyar fuli. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai juyawa da ke ɗauke da ƙananan fukafukai na ƙarfe, waɗanda suke ɗebo mai daga kwalba su matse shi su tura cikin wani tiyo mai kauri zuwa rak, wato dogon ƙarfen da ke tura tayoyin gaba hagu da dama. Idan direba ya murɗa sitiyari, wani bawul yakan buɗe wa man hanya zuwa ɓangare ɗaya na rak ɗin, sai man ya taimaka wajen turawa. Bayan ya gama aikinsa, sai ya komo cikin kwalba ta wani tiyo na biyu mara matsi.

Matsin da famfon ke samarwa yakan kai ma'aunin bar 70 zuwa 100 a yawancin ƙananan motoci, wato ya ninka iskar da ke cikin taya fiye da sau 30. Matsin yakan kai ƙololuwarsa ne yayin da aka murɗe sitiyari har ƙurya aka riƙe shi a nan. Shi ya sa littattafan masu ƙera motoci suke gargaɗin kada a riƙe sitiyari a ƙurya fiye da 'yan daƙiƙoƙi, domin man yakan ɗau zafi nan da nan.

Abin lura a nan shi ne, wannan mai ba ya ƙonewa kamar fetur, kuma ba ya raguwa don kansa. Zagayawa kawai yake yi a cikin rufaffen tsari. Saboda haka duk motar da ake ƙara wa man sitiyari lokaci-lokaci, to akwai inda yake fita. Har ila yau, man da ke tura tayoyin shi ne kuma yake shafe ƙarafunan famfon yana sanyaya su. Idan ya yi ƙasa, sai famfon ya fara zuƙar iska, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe, kuma wannan shi ne kukan da ake ji.

INDA YOYON YAKE FITOWA

Babbar asarar da masu motoci kan tafka ita ce sayen famfo alhali ba shi ne ke yoyo ba. Mai yakan gangara ƙasa, iskar tafiya kuma ta watsa shi baya, ƙura ta manne masa, har ya zama duk gefen injin ya jiƙe. Wanda ya leƙa da ido kawai ba zai iya tantance mafarinsa ba.

Wuraren da aka fi samun yoyo guda biyar ne. Na farko, sil ɗin da ke bayan fuli, inda sandar famfon ta fito waje. Na biyu, ƙaramin zoben robar da ke bakin famfon, inda tiyon kwalba ya shiga. Na uku, tiyo mai matsi, musamman a inda aka ɗaure roba da ƙarfe. Na huɗu, tiyon komowa da ita kanta kwalbar, wadda kan tsage saboda zafi da tsufa. Na biyar kuma shi ne rak, wanda idan sil ɗinsa ya mutu man yakan taru a cikin robobin da ke rufe bakinsa biyu. Daga cikin waɗannan biyar, biyun farko ne kawai suka shafi famfo, kuma ko su ɗin ma ba lallai ne su kai ga sauya shi ba.

Hanyar ganowa ba ta da wuya. A wanke wurin tas, a bar shi ya bushe, a cika kwalba daidai alama, a ta da inji, a sa wani ya riƙa murɗa sitiyari hagu da dama, makaniki kuma ya duba da tocila. Wuri mafi tudu da ya fara jiƙewa shi ne mafarin yoyon. Mai mota yana da haƙƙin a nuna masa wannan wuri da idonsa kafin a yi maganar farashi.

Misali sananne shi ne na Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007, wadda ta yi yawa a hannun jama'a a Nijeriya. An san ta da kukan sitiyari, musamman da sanyin safiya, kuma sau da yawa dalilin bai wuce wancan zoben roba na bakin famfo ba, wanda idan ya taurare yakan bar iska ta shiga. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na famfo. Bugu da ƙari, a shekarar 2012 kamfanin Honda ya yi kiranyen wannan samfuri mai silinda shida a Amurka, saboda tiyon sitiyarinsa kan lalace da zafi ya ɗiga mai a kan sassan salansa, abin da ka iya jawo gobara. Da yake yawancin irin waɗannan motoci daga Amurka aka shigo da su bayan an yi amfani da su, ya dace mai irinta ya fara zargin tiyo kafin famfo.

ABIN DA KE GAJIYAR DA FAMFO A TARABA

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Jalingo babban birninta, harkokin ciniki na jihar a kan mota suka dogara, tunda babu layin dogo da ya ratsa ta. Doya daga Zing da Ɗan Anaca, da shanu daga kasuwar Iware, da hatsi daga Mutum Biyu, da ganyen shayi daga tsaunin Mambila, duka a bayan mota suke fita.

Yanayin wannan aiki yana da nauyi a kan sitiyari. Zafin watannin Maris da Afrilu, wanda kan kusanci digiri 40 a Jalingo, yana busar da roba ya taurara ta. Ƙurar hunturu takan shiga kwalba duk lokacin da aka buɗe murfinta ba a goge ba, ta zama tamkar yashi a cikin famfo. Ramukan hanya suna mayar da duka daga taya zuwa rak, matsin man ya yi tsalle farat ɗaya. Lodin da ya wuce ƙima da tayar da ba ta da isasshiyar iska suna ƙara wa famfon aiki a kowace kwana. Motar da ke hawan Mambila kuwa, daga Mayo Selbe zuwa sama a kan hanyar Gembu, ba ta samun hutun murɗa sitiyari saboda yawan kwane-kwane, kuma a irin wannan hanya ce nauyin sitiyari na ba-zata yake zama barazana ga rai.

Akwai kuma laifin hannu. Bel ɗin da aka ɗaure ya yi tsauri da yawa yakan ja sandar famfo gefe guda, ya kashe boris, boris ɗin kuma ya kashe sil. Haka nan al'adar murɗa sitiyari alhali mota tana tsaye cik, da kaya a kanta, tana rage wa famfo kwana.

HANYOYI HUƊU

Hanya ta farko ita ce a bar yoyon a riƙa ƙara mai. Wannan dabara ce ta kai mota gida ko gareji, amma ba ta da amfani a matsayin tsari na dindindin. Yoyo ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi. Man da ke ɗiga a kan bel yakan sa shi santsi ya kuma ruɓar da shi, kuma a motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya famfon da na'urar cajin batir, a wasu ma har da famfon ruwan lagireto. Idan ya tsinke a kan hanya, abin da ya fara da ɗigon mai ya zama tsayuwar mota ɗungurungum. Magungunan toshe yoyo da ake sayarwa a kwalba kuwa, aikinsu shi ne kumbura roba na ɗan lokaci. Ba su ɗinke tiyon da ya fashe, ba su kuma gyara ƙarfen da ya cinye.

Hanya ta biyu ita ce a kwance famfon a canza masa sil da zobban roba, idan da hali har da boris. Wannan ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma tana da kyau matuƙa idan an cika sharuɗɗa uku: famfon ba ya kuka idan an cika shi da mai, sandarsa ba ta girgiza idan an kama fuli an jijjiga, kuma babu ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a cikin man. Idan sandar ta riga ta yi zane a inda sil yake zama, sabon sil ɗin ba zai daɗe ba.

Hanya ta uku ita ce famfo ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Amfaninsa shi ne yawanci ƙirar kamfanin asali ne, ƙarfensa mai kyau. Aibinsa kuma shi ne babu wanda ya san tafiyar da ya yi. Famfon da aka ciro daga motar 2005 robobinsa sun shekara kusan 20, ko da ƙarfen lafiya lau yake. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka wanda ya zaɓi wannan hanya, gara ya sa a canza masa sil tun kafin a ɗaura. Ya kuma yi hattara da famfon da aka ciro daga motar gida, aka wanke da fetur aka fesa masa fenti, ake sayar da shi da sunan na waje.

Hanya ta huɗu ita ce sabon famfo, kuma shi ma iri biyu ne. Akwai na kamfanin asali ko na sanannun masu ƙera kayan gyara, akwai kuma mai araha wanda kwalinsa ya fi cikinsa kyau. Sabo mara inganci yakan kasa ɗan Beljiyam mai kyau daɗewa, kuma a nan ne maganar araha ba ta ado take tabbata.

ME YA SA KAYAN SUKA YI TSADA

Ba a ƙera famfon sitiyarin waɗannan motoci a Nijeriya. Sabo da tsoho duk da kuɗin waje ake sayo su, saboda haka farashinsu yana bin darajar Naira sau da ƙafa.

Tarihin abin ya faro ne tun 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta faɗi. Kafin lokacin, ma'aikaci mai matsakaicin albashi kan iya sayen sabuwar Peugeot 504 daga masana'antar Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975. Bayan faɗuwar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, ana shigo da su ta Legas da Kwatano. Tare da su ne cinikin tsofaffin kayan gyara ya bunƙasa, a kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Mgbuka Obosi kusa da Onica, da Ƙofar Ruwa a Kano, yayin da Nnewi da Nkpor suka shahara da sababbin kaya.

A watan Janairu na 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sa'an nan aka rufe iyakokin baki ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Amma bugun da ya fi tsanani ya zo ne a 2023. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi ya sakar wa Naira mara. Dalar Amurka da take kimanin Naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ma'anar wannan ita ce, kayan da kuɗinsa dala 40 ne, wanda a tsohon farashi yake daidai da Naira 18,400, ya koma Naira 60,000 ba tare da an ƙara masa ko kwabo a can inda aka ƙera shi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024.

A kan wannan kuma sai a ɗora nisan Jalingo daga manyan kasuwanni. Kayan da ya taso daga Onica ko Legas sai ya bi ta Binuwai da Wukari kafin ya iso, kuma rushewar gadar Namnai da ke Ƙaramar Hukumar Gassol a daminar 2024 ta ƙara wa wannan hanya wahala da tsada. Mai shagon kayan gyara a Jalingo ba zai iya ajiye famfon kowane samfuri ba, domin kowane guda jari ne da ya kwanta a kan kanta. Yakan ajiye na motocin da suka fi yawa a gari, sauran kuma sai an yi oda. Saboda haka mai motar da ba a cika ganin irinta ba yana biyan kuɗi sau biyu: kuɗin kaya da kuɗin jira.

YADDA AKE LISSAFIN

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta farashin kaya da farashin kaya kawai. Lissafin da ya dace ya ƙunshi abubuwa huɗu: kuɗin kayan, da ladan makaniki tare da sabon mai, da kuɗin shigar da aka rasa a ranakun da mota take gareji, da kuma tsawon lokacin da ake sa ran gyaran zai ɗauka.

Alƙaluman da ke biye na misali ne kawai, kowa sai ya sa nasa a madadinsu. A ɗauka motar haya tana kawo wa mai ita Naira 25,000 a rana bayan an cire kuɗin fetur. Idan tana shan litar man sitiyari ɗaya a mako, a kan Naira 5,000, to cikin wata uku an zubar da Naira 65,000 a ƙasa, kuma yoyon yana nan inda yake.

A ɗauka kuma ɗan Beljiyam Naira 60,000 ne, aiki da mai Naira 20,000, ga yinin gareji na Naira 25,000. Jimla Naira 105,000. Idan ya shekara ɗaya yana aiki, ya tashi a kan Naira 8,750 a wata. Sabo mai inganci kuwa, a ce Naira 150,000 ne, da aiki da mai da yinin gareji ya kama Naira 195,000. Idan ya kai shekara huɗu, ya tashi a kan kimanin Naira 4,060 a wata, wato ƙasa da rabin na farko. To amma idan sai an jira shi kwana huɗu daga Onica alhali mota tana ajiye, an ƙara masa Naira 100,000, sai ratar ta ragu.

Daga wannan misali za a ga cewa amsar ta danganta ne da mai motar. Wanda yake da niyyar sayar da ita cikin shekara, ko wanda injinsa da giyarsa ma sun kusa kwantawa, ba shi da dalilin zuba kuɗin famfon shekara huɗu. Kamfanin da ke da motoci da yawa iri ɗaya kuwa, riba ce a gare shi ya ajiye famfo guda a sito, a ɗaura shi nan take idan wani ya lalace, a gyara wanda aka cire a mayar sito. Sai dai a tuna cewa kuɗi ma yana da tsada: a watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa na ma'auni kashi 27.5 cikin ɗari, kuma na bankunan kasuwanci ya ɗara haka. Wanda zai ci bashi domin sayen sabo, sai ya sa kuɗin ruwa a cikin lissafinsa.

BATUN MAI

Famfo mai kyau yakan mutu da wuri idan aka ba shi man da ba nasa ba. Yawancin motocin Toyota masu wannan tsari suna amfani ne da jan man giya mai sarrafa kanta, irin wanda ake kira Dexron. Honda kuwa tana da nata man na musamman, kuma kamfanin ya yi gargaɗin cewa wani mai dabam kan lalata tsarin. Motocin Jamus da dama, ciki har da Volkswagen da Audi, suna amfani da wani siririn mai koren launi. Abin da mota take bukata yana rubuce a murfin kwalba ko a littafinta.

Man birki kuwa ba ya shiga sitiyari ko kaɗan, haka shi ma man sitiyari ba ya shiga birki, domin robobin kowanne an yi su ne da sinadari dabam, kuma musanya su yakan kumbura roba ta lalace. Haka nan man da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar jarka a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, ragin da aka samu a kansa bai kai kuɗin famfo ba.

ABIN DA YA KAMATA A GANI A GAREJI

Ko gyara aka yi ko sauyawa, akwai matakan da idan aka tsallake su aikin ya zama na banza. Dole ne a fitar da tsohon mai gaba ɗaya a wanke tsarin, musamman idan tsohon famfon ya zubar da ɓurɓushin ƙarfe, domin wannan ɓurɓushi zai koma cikin sabon ya cinye shi. A ƙasan kwalbar motoci da yawa akwai 'yar rariya mai tace mai, wadda idan ta toshe famfo ba ya samun isasshe, sai ya yi ta kuka ko da sabo ne. A wanke ta, ko a sauya kwalbar.

A wasu motoci fuli matse shi aka yi a jikin sanda, kuma akwai kayan aiki na musamman da ake zare shi da shi. Dukansa da guduma yana lalata cikin famfon tun kafin ya fara aiki. Wajen ɗaura tiyo, a sa sababbin wasa da zobban roba, kada a mayar da tsofaffi. Bel ɗin da ya sha mai a sauya shi.

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da iska. A ɗaga gaban mota da jak, a cika kwalba, a riƙa murɗa sitiyari daga ƙurya zuwa ƙurya sau da yawa inji yana kashe, ana ƙara mai, sa'an nan a ta da inji a maimaita har kumfa ta daina fitowa. Ta da inji alhali famfo yana bushe, ko da na ɗan lokaci ne, yana iya yi wa sabon famfo lahanin da ba ya gyaruwa.

Ta fuskar ciniki, yana da kyau a rarrabe kuɗin kaya da ladan aiki, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin gwaji da za a iya mayar da shi idan bai yi ba. Masu sayar da kayan Beljiyam sukan yi wa kaya alama da fenti domin su gane nasu idan an dawo da shi, don haka kada a goge alamar. A kuma karɓi tsohon famfon a ajiye, tunda ana iya gyara shi ya yi rana. Wajen yin oda daga nesa, lambar jikin mota da hoton tsohon famfon sun fi sunan mota amfani, saboda samfuri ɗaya kan zo da inji iri biyu ko uku, kowanne da nasa famfon.

INDA KASUWAR TA DOSA

Masu ƙera motoci sun daɗe da fara barin wannan tsari. Kamfanin Suzuki ya fitar da sitiyari mai amfani da lantarki a motarsa Cervo a 1988, kuma tun daga nan tsarin yake ta yaɗuwa, saboda ba ya bukatar mai ko bel, kuma yana rage shan fetur tunda ba ya jan inji sai lokacin da ake murɗawa. A samfurorin Amurka, Toyota Corolla ta koma na lantarki daga ƙirar 2009, Camry daga ƙirar 2012, Honda Accord kuma daga ƙirar 2013. Motocin ɗaukar kaya irin su Hilux sun fi daɗewa a kan tsarin mai.

Wannan yana da ma'ana ga ɓangarori uku. Mai sayen mota ya sani cewa ta lantarki ba ta yoyo, amma idan ta samu matsala sai an sa mata na'urar bincike ta kwamfuta, kuma sau da yawa sai an sauya sashen gaba ɗaya. Mai shagon kayan gyara ya sani cewa yayin da tsofaffin motoci masu famfo suke ƙarewa a Turai da Amurka, famfo ɗan Beljiyam mai lafiya zai riƙa ƙaranci, cinikin sil da zobban roba da tiyo kuma ya ƙaru. Makanikin da ya ƙware wajen kwance famfo ya sabunta cikinsa, maimakon cirewa da ɗaurawa kawai, shi ne zai fi samun aiki, domin motocin da ke bin hanyoyin Yola da Wukari da Bali za su daɗe suna bukatar wannan hannu.